Fanel ɗin ƙaramin injin milin ɗina ya ƙone, wace na'urar daidaita gudu zan saka?

Bakano_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan ƙaramin injin milin na kan tebur, wato mai yanka ƙarfe da baki mai juyawa, ƙirar China, na hannu na saye shi. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, in na taso daga kasuwa nakan ɗan yi ƙananan abubuwa na alminiyam da tagulla, jefi-jefi kuma baƙin ƙarfe. Ran Asabar ina cikin yanka aka ɗauke wuta, da aka maido ta sai ƙauri ya tashi daga akwatin da ke bayan injin. Fanel ɗin da ke ƙara gudu da rage shi ya tafi. Moton dai lafiyarsa lau, don na jona shi da batirin mota ya juya a hankali. Na shiga kasuwar Alaba, wani ya nuna mini ɗan akwati mai boliyum, an rubuta 4000W a jikinsa, ga arha, ya ce shi ne maganin abin. Wani kuma ya ce in rabu da wannan in sayi wata na'urar daidaita gudun moto da ake kira VFD. Kaina ya ɗaure. Masana, wanne zan ɗauka?

Mai_Fanel_Ojo:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce maka sayi kaza, karanto mana abin da ke rubuce a jikin moton. Wayoyi nawa suka fito daga cikinsa? Akwai murafen kabon guda biyu a gefensa? Irin moton ne yake nuna na'urar da za ta yi masa, don haka daga nan za mu fara.

Bakano_Agege:
An rubuta DC 180V, 350W. Wayoyi biyu ne, sai ta uku ta jiki. Murafen kabon kuma suna nan, baƙaƙe masu murɗawa. Injin yana da giya biyu, ƙarama da babba, babbar tana kaiwa juyi 2500 a minti.

Mai_Fanel_Ojo:
To madalla. Cire VFD daga lissafi muddin wannan moton za ka ci gaba da amfani da shi. VFD wutar AC mai layi uku yake fitarwa, moton DC ba ya cin ta. Wanda ya ce ka saye shi sai dai in yana nufin ka canza moton gaba ɗaya.

Akwatin 4000W ɗin kuwa, don Allah kar ka taɓa. Dima ce irin ta rage hasken fitila da zafin hita, AC take fitarwa. Wasu suna ƙara mata diyod mai ƙafa huɗu don ta koma DC, kuma moto zai juya, amma ba ta san abin da moton yake ciki ba. Da bakin yanka ya shiga ƙarfe gudun zai faɗi, ka ƙara boliyum, da ya fito daga ƙarfen kuma ya zabura da gudu. Nan ne ake karya baki. Mafi muni, in wani ya ƙara mata babbar kafasita wai don ta gyara wutar, 230V ɗinmu na komawa wajen 325V na DC. Moton 180V ba zai jure wannan ba.

Dan_Walda_Mile12:
Ni fa ina da irin wannan akwatin a kan injin huda ƙarfe na, kuma har yau yana aiki. Ba kowa ke da kuɗin kayan Turai ba, Oga.

Mai_Fanel_Ojo:
Ban musa maka ba ɗan'uwa. Huda daban, milin daban. A huda nauyin aikin kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma hannunka na kan hannun injin kana jin sa. A milin kowane haƙori na baki yana shiga yana fita, nauyin yana hawa yana sauka sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ne ke buƙatar na'urar da za ta riƙe gudu da kanta.

Yar_Fasaha_Yaba:
Bari in ɗan ƙara a kan maganar Oga Mai_Fanel, don Malam Bakano ya san abin da zai tambaya a kasuwa. Moton DC in aka ɗora masa nauyi yana jan ƙarin wuta, wani ɓangare na ƙarfin wutar kuma yana lalacewa a cikin wayar koyil ɗinsa, shi ya sa gudun ke raguwa. Fanel na ƙwarai yana auna wutar da moton ke ja, da ya ga ta ƙaru sai ya ɗan ɗaga ƙarfin da yake ba shi don ya cike giɓin. A jikin fanel za ka ga ɗan ƙaramin abin murɗawa an rubuta IR, aikinsa ke nan. Akwai wani kuma an rubuta CL, shi ne ke sa iyaka ga wutar da moton zai ja, ta yadda in baki ya maƙale a ƙarfe ba za a gasa koyil ba. In fanel ba shi da waɗannan biyun, ba na injin yanka ba ne.

Wanda aka fi sani a duniyar masu ƙananan injina shi ne na kamfanin KB Electronics na Amurka. KBIC-240 yana karɓar 230V ya fitar da sifili zuwa 180V, daidai da moton ka, kuma ƙarfinsa ya wuce 350W nesa ba kusa ba. Sai dai ka lura, ana soka masa wata 'yar resista da ake zaɓa gwargwadon ƙarfin moto, in ba ta nan ba zai yi aiki ba, in kuma ba daidai ba ce IR da CL duk za su kauce. Akwai na China masu wannan tsarin, ka duba ka ga MIN, MAX, IR da CL a jiki.

Bakano_Agege:
Allah ya saka da alheri, Malama. To ita IR ɗin ni zan saita ta ko a saite take zuwa?

Yar_Fasaha_Yaba:
In resistar ta dace, yadda ya zo ma zai yi. In kana son gyarawa, ka sa gudu kaɗan, ka fara yanka, ka riƙa ƙara IR a hankali har ka ji gudun ba ya faɗuwa. In ka ji moton ya fara numfashi, yana hawa yana sauka shi kaɗai, ka wuce wuri, koma baya kaɗan. CL kuwa galibi ana barin ta wajen ninki ɗaya da rabi na wutar da aka rubuta wa moton. Ka yi amfani da sukundireba mai rufin roba, domin fanel ɗin nan duk jikinsa wuta ce, har wayoyin boliyum ɗin.

Baba_Makeri_Owode:
Yara, duk kuna maganar wuta, ba wanda ya tambayi yaron nan abin da yake yankawa da girman bakin da yake sawa. Mu da muka tashi a kan injina masu bel da fuli, da lissafi muke fara aiki. Baƙin ƙarfe mai laushi da bakin HSS, wato ƙarfen yanka mai jure zafi, yana son gudun yanka na mita 25 zuwa 30 a minti. Ka ninka da 1000, ka raba da faɗin bakin sau 3.14, zai ba ka juyi a minti. Baki mai milimita 10 zai ba ka wajen 800 zuwa 950 a minti. Baki mai share fuska mai faɗin milimita 50 kuwa, wajen 160 yake so. Alminiyam yana ɗaukar ninki uku na wannan ko fiye, shi ya sa ƙaramin baki mai milimita 6 a alminiyam zai so 4000 da wani abu, injinka kuma a 2500 ya tsaya.

Abin da nake so ka gane shi ne, na'urar wuta tana rage gudu amma ba ta ƙara ƙarfin murɗawa. In ka rage moto zuwa kashi ɗaya cikin goma na gudunsa, aikin da zai iya yi ma kusan kashi ɗaya cikin goma ya rage, fankar cikinsa kuma ta daina hura masa iska. Giya da fuli su ne suke rage gudu su ƙara ƙarfi. Duk fanel ɗin da ka saya, in za ka sa babban baki a ƙarfe, ka koma ƙaramar giya ka bar moton yana gudunsa. Na sha ganin moto mai kyau ya ƙone a hannun mai boliyum saboda wannan.

Bakano_Agege:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yawancin bakunana daga milimita 3 ne zuwa 10.

Telan_Zango:
Ni tela ne, ba makaniki ba, amma ku bar ni in sa baki. Kekunan ɗinkin masana'anta da muke amfani da su yanzu da yawansu an daina sa musu tsohon moton nan mai kulochi, sai sabon da ake kira servo, mai 550W ko 750W. Ba shi da kabon, ba ya ƙara, yana zuwa da akwatinsa mai lambobi da ake saita gudu, kuma duk inda ake sayar da kayan keken ɗinki a Legas akwai shi. Wani maƙwabcinmu mai gyaran makullai ya ɗaura shi a ƙaramin injinsa da bel, na gani da idona yana cin tagulla ba ya ko tari. Me zai hana a duba wannan?

Mai_Fanel_Ojo:
Maganar Telan_Zango tana kan hanya, kuma mutane da yawa a waje suna yin haka. Moton da akwatinsa tare aka ƙera su, ba ka da wahalar haɗa aure. Matsalarsa biyu. Ta farko, da feda ake tuƙa shi, akwai ɗan hannu mai maganaɗisu da ke wucewa gaban na'urar ji, sai an yi dabarar maye gurbinsa da boliyum ko a ɗaure hannun da sukuru. Ta biyu, wasunsu suna taka birki da ƙarfi in an tsayar da su, don an yi su ne allura ta tsaya nan take. Ga kuma aikin ƙera mazauni da fuli. In mutum yana da haƙurin wannan, ni ina ganin ya fi moton kabon.

Dan_Walda_Mile12:
Mazauni ba matsala ba ne, faranti mai milimita 6 da ramuka huɗu ne. Fulin ne sai an je wajen mai injin gyaran ƙarfe.

Sokoto_Boy_Apapa:
Ni dai a ganina a yi abu sau ɗaya a huta. Ka nemi moto mai layi uku na 0.37kW, ka haɗa da ƙaramin VFD mai karɓar layi ɗaya. Babu kabon da zai cinye, babu tartsatsi, juyawa baya da maɓalli ɗaya, tashi a hankali, tsayawa a hankali. Irin su Delta, INVT da Schneider duk suna da ƙananan. A wurin aikinmu su muke gani kullum, shekara da shekaru ba abin da ke samun su in dai ƙura ba ta shiga ba.

Yar_Fasaha_Yaba:
Gaskiya ne, amma wanda zai bi wannan hanyar ya kiyaye abubuwa. VFD mai cin 230V, 230V ɗin yake fitarwa a layi uku. Don haka moton ya zama an rubuta 230/400V, a buɗe akwatin kansa a mayar da 'yan farantan tagullan nan uku zuwa haɗin delta. In an rubuta 400/690V, bar shi a wurin. Kada a sa makunni tsakanin VFD da moto, daga jikin VFD ake kunnawa a kashe. In an kashe wuta kuma a jira mintuna kafin a sa hannu, kafasitocin ciki suna riƙe sama da 300V. A nemi mai tsarin bekta, ya fi riƙe ƙarfi a ƙaramin gudu. Moto mai fol huɗu a 50Hz yana yin wajen 1400, ana iya kai shi 75 ko ma 100Hz, amma daga 50 zuwa sama ƙarfin murɗawarsa raguwa yake yi. Maganar Baba ta fuli tana nan daram ko a nan.

Baba_Makeri_Owode:
Kuma ku tuna nauyi. Moton da Sokoto yake faɗa ya kai kilo 6 ko fiye. Kan injin yaron nan ƙarami ne, ginshiƙinsa siriri. Kamar ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne, zai ɗauka amma tafiyar ba za ta miƙe ba. Za ka ga kan yana zamewa ƙasa, aikin yana fita da zane-zane.

Sokoto_Boy_Apapa:
Baba ai ana sa masa abin tallafi irin na murfin but ɗin mota, a kasuwar kayan mota ta Ladipo suna nan birjik. Ko a sa 0.25kW, ya fi sauƙi.

Kano_CNC:
Me ya sa ba wanda ya ambaci sandunan nan masu riƙe baki, masu moto a cikinsu, da ake sanyayawa da ruwa? 800W ko 1.5kW, suna kaiwa 24,000 a minti, da VFD ɗinsu suke zuwa. Ni shi nake amfani da shi a injin sassaƙa alluna, kuma yana cin alminiyam tsaf.

Mai_Fanel_Ojo:
Naka injin sassaƙa ne ɗan'uwa, nasa milin ne mai tafiya da hannu. Waɗannan sandunan ƙarfinsu yana sama ne, ƙasa da 6000 kusan ba abin da suke iyawa. Baba ya ce baƙin ƙarfe da baki mai milimita 10 yana son 900, ka ga ba su haɗu ba ko kusa. Kuma tunda ka kawo zancen, duk wanda ya sayi irinsa ya duba saitin VFD kafin ya kunna. Sandar 400Hz take so. In aka bar shi a 50Hz, zai zuba mata cikakkiyar wuta tun tana ƙaramin gudu, koyil ɗin ya ƙone cikin ɗan lokaci. A VFD ƙirar Huanyang, saitin PD004 da PD005 ne ake mayarwa 400.

Kano_CNC:
Haka ne, wannan saitin shi ne farkon abin da ake yi. Na yarda ba zai yi masa aikin baƙin ƙarfe ba, amma in ya koma alminiyam zalla da ƙananan bakuna, ya tuna da shi.

Hajiya_Mai_Shago:
Ni ban san komai a harkar nan ba, ɗana ne yake wannan aikin a gida, shi ya sa nake bibiya. Tambayata, injinan nan suna shan wuta sosai? Mu layinmu Band A ne, tun da aka kai kuɗin naira 225 a Afrilun 2024 muke lissafin komai, ko da yake an ɗan rage daga baya.

Yar_Fasaha_Yaba:
Hajiya kwantar da hankalinki. Moton 350W ko ya yi awa guda cur yana aiki da dukkan ƙarfinsa, bai kai rabin yunit ba. Dutsen guga ya fi shi sha sau biyu ko uku. Abin da ya kamata ki tabbatar shi ne akwai wayar ƙasa ta gaske a soket ɗin da yake jonawa, kuma yana sa gilashin kare ido.

Hajiya_Mai_Shago:
Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. Zan sa a duba soket ɗin.

Injiniya_IdiAraba:
Na karanta daga sama har ƙasa, kuma ina ganin an tsallake abin da ya kashe fanel ɗin tun farko. Bakano ya ce an ɗauke wuta yana cikin yanka, aka maido ta, sai ƙauri. Ma'ana baki yana cikin ƙarfe, boliyum yana sama, wuta ta dawo ta sami moto a maƙale. Ko fanel na Amurka ka saka, in aka maimaita wannan sau da yawa zai bi sahun na farko. Kuma ku bar maganar fanel, ku yi tunanin hannun mutum. An ɗauke wuta, ka sa yatsa kana share ɓarɓashi daga bakin, sai ta dawo.

Abin da ake buƙata makunni ne mai maganaɗisu, mai kore da ja, wanda in wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ba zai sake kamawa ba sai ka danna kore da hannunka. Ana samun sa a jikin injinan kafintoci, ko a haɗa shi da ƙaramar kontakta da maɓallai biyu. A garin nan da ake sauyawa tsakanin wutar layi da janareta sau da yawa a yini, wannan ya fi zaɓin fanel muhimmanci. Bayansa a sa fis mai saurin yankewa daidai da moton, kada a naɗa waya a gurbinsa. Mai VFD ma ya duba, akwai saitin da ke hana shi tashi da kansa in wuta ta dawo.

Bakano_Agege:
Wallahi Injiniya kamar kana wurin. Makunnin da ke jikin injin wani ne aka canza kafin ya zo hannuna, irin na bango ne kawai.

Dan_Walda_Mile12:
To maganar janareta fa? Ni rabin aikina a kansa nake yi.

Injiniya_IdiAraba:
Ƙaramin janareta in nauyi ya sauka daga kansa farat ɗaya, wutarsa tana yin sama kafin ta daidaita, wannan ke kashe kayan fanel. Fanel irin na SCR, wato su KBIC, yana da taurin rai amma yana bin zubin wutar da ta shigo, in janareta na tangaɗi za ka ji gudun na tangaɗi. VFD yana tara wutar a kafasita tukuna, don haka ya fi santsi, sai dai in wuta ta yi ƙasa sosai yana kashe kansa ya nuna lamba, galibi an yi su ne don 200 zuwa 240V da ɗan sassauci. Janareta ya zama ƙarfinsa ya ninka na injin. Sitabilaiza mai ƙas-ƙas ɗin nan ta talabijin ba ta dace ba, duk sanda ta sauya mataki sai gudun ya yi tsalle, alamar ta fito a jikin aikin.

Mai_Fanel_Ojo:
Ƙari a kan haka, akwati. Damina ta Legas da iskar teku suna sa tsatsa a ƙafafun kaya, ɓarɓashin alminiyam kuma siriri ne, yana bin iska ya shiga ta ramukan fanka ya kwanta a kan fanel. Yawancin waɗanda ake kawo mini, in na buɗe, ƙyalƙyalin alminiyam nake fara gani tsakanin layukan. A ɗaga akwatin sama da injin, can gefe, ramukan iska su kalli ƙasa.

Bakano, kafin ka kashe kuɗi ma, kawo tsohon fanel ɗin a duba. Irin waɗannan sau da yawa tiransista biyu ne na MOSFET suke mutuwa tare da fis, wani lokaci da diyod. In layukan ba su ƙone ba, gyaransa ya fi komai arha, kuma shi aka yi wa moton.

Sokoto_Boy_Apapa:
Gyara kan gyara. Wata shida ya sake mutuwa, a sake biya. Ni ina nan a kan bakana.

Telan_Zango:
Ni ma ina kan nawa. In Bakano ya cire giyar roba ta injin ya koma bel da moton keke, ƙarar ma za ta ragu, maƙwabta su samu barci. Kuma in baki ya maƙale bel ne zai zame, ba haƙorin giya ne zai karye ba.

Baba_Makeri_Owode:
A nan tela ya yi gaskiya. Fuli mai hawa biyu, ɗaya na yanka ƙarfe ɗaya na yanka alminiyam, ya gama maka. Amma kar ka kai gudun sama da abin da boris ɗin sandar da ke riƙe baki zai ɗauka. Ka taɓa kan injin bayan minti goma, in ba ka iya barin hannunka a kai, ka rage.

Bakano_Agege:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau na sayo makunni mai kore da ja, na riga na ɗaura. Tsohon fanel ɗin zan kai wa Oga Mai_Fanel ya duba. In bai gyaru ba, zuciyata ta rabu tsakanin KBIC da moton keken ɗinki, sai na ji farashin kowanne tukuna, don dala ce ke yanke hukunci. Wata tambaya kuma: boliyum ɗin ba shi da lambobi, ta yaya zan san na kai 900 ɗin da Baba ya ce?

Yar_Fasaha_Yaba:
Akwai ɗan abin auna gudu na hannu mai hasken leza. Ka manna 'yar farar takarda mai ƙyalli a jikin sandar, ka haska, zai nuna maka lamba. Ka auna a wurare biyar ko shida na boliyum, a kowace giya, ka rubuta a jikin akwatin da maka. Ka sake aunawa baki yana cikin ƙarfe, in bambancin ya yi yawa to IR ɗin na son ƙari.

Dan_Walda_Mile12:
Wanda ya san inda ake samun abin aunawar nan a ɓangaren Ketu ko Ikorodu Road ya taimaka ya faɗa, Alaba ta yi mini nisa.